Tirelar tanti da kwalekwalen kamun kifi: hawa, nauyi da doka a hanyoyin Amurka

Tirelar tanti ƙaramar tirela ce ta kwana da ake ɗaura wa motar gida a baya. Idan tana naɗe, akwati ne mai taya biyu wanda tsayinsa bai cika wuce ƙirjin mutum ba, tsawonsa kuma ƙafa 8 ne ko 10 ko 12. Idan an isa zango sai a juya wani hannu na ƙarfe, rufin ya ɗago sama a kan sanduna huɗu, a zaro gado ɗaya ta gaba, ɗaya ta baya, a ja tamfol ya zama bango. Cikin kamar minti ashirin zuwa talatin akwatin ya koma ɗaki mai kusan ninkin tsawonsa na farko, da teburin cin abinci, da murhun gas, da wurin wanke kwanuka, da makwancin mutum biyar ko shida. A Amurka da Kanada ita ce matakin farko da iyalai da yawa ke takawa idan sun gaji da shimfiɗa tanti a ƙasa amma aljihunsu bai kai ga babbar motar kwana ba.

Al'adar fita daji da mota ta girmi wannan tirela. An keɓe gandun Yellowstone a 1872, aka kafa hukumar kula da gandun daji na ƙasa a 1916, daidai lokacin da motar Ford ƙirar Model T ta shiga hannun talakawa. Henry Ford kansa da Thomas Edison da Harvey Firestone sun riƙa fita zangon shaƙatawa a waɗannan shekaru, jaridu na bin su, abin ya zama yayi. A 1919 masu yawo da mota suka kafa ƙungiyar Tin Can Tourists a Tampa ta jihar Florida. Bunƙasar gaske ta zo bayan yaƙin duniya na biyu, musamman bayan dokar 1956 da ta shimfiɗa manyan hanyoyin da suka haɗa jihohi. Kamfanin Coleman, wanda aka sani da fitilu da risho, ya fara ƙera tirelar tanti a 1967 a Somerset ta jihar Pennsylvania. A 1968 Lloyd Bontrager ya kafa Jayco a Middlebury ta jihar Indiana, bisa wata dabarar ɗaga rufi da ya ƙirƙiro. Har yau arewacin Indiana, kewayen garin Elkhart, shi ne cibiyar wannan sana'a, kuma manyan kamfanoni kaɗan ne ke riƙe da kasuwar: Thor ya sayi Jayco a 2016, Forest River kuwa yana hannun Berkshire Hathaway tun 2005. A 2021, shekarar da annobar korona ta kora mutane zuwa daji, masana'antar ta fitar da motoci da tirelolin kwana sama da 600,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, sai dai tirelar tanti ɗan ƙaramin kaso ce a ciki. Masu saye sun karkata ga tireloli masu bangon gaske.

Duk da haka tana da abin da ba a iya ƙwace mata. Ba ta da nauyi: ƙananan ba su wuce kilo ɗari biyar zuwa bakwai ba, manyan su kai kilo 1,500 ko su ɗan haura. Saboda gajartarta ba ta tare iska a kan hanya, don haka shan mai bai ƙaruwa sosai, direba kuma yakan hango bayansa ta saman ta. Tana shiga garejin gida, ba sai an biya kuɗin ajiya ba. Wanda ya kwana a cikinta yana jin kukan tsuntsaye da sanyin asuba ta ragar tagogi kamar mai tanti, amma bayansa na kan katifa, nesa da damshin ƙasa.

Abin da aka rasa ma a fili yake. Tamfol ba ya riƙe zafi, ba ya tare hayaniyar maƙwabta. Da yawa ba su da banɗaki. Ba a tsayawa a gefen hanya a shiga a dafa shayi, sai an kafa ta tukuna. A ƙasar beyar kuwa bangon tamfol ba kariya ba ne: zangon Fishing Bridge da ke cikin Yellowstone ba ya karɓar tanti ko tirelar tanti, sai mai bango mai tauri. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka ƙera wani nau'in mai naɗewa amma bangonsa na allo ne, wanda idan aka ɗaga shi yake tashi da tsini kamar jinka, irin wanda kamfanin Aliner ke yi.

Kafa ta yana da tsari. Da farko a daidaita ta hagu da dama ta hanyar hawar da taya ɗaya kan katako, a tokare tayoyin, sannan a kwance ta daga mota a daidaita gaba da baya. Wannan ba don jin daɗin barci kaɗai ba ne, firjin da ke aiki da gas yana lalacewa idan ya daɗe yana aiki a karkace, ƙofa ma ba ta zama daidai. Ƙafafun da ake saukewa a kusurwoyi huɗu don hana girgiza ne, wanda ya mai da su jak ya ɗaga tirelar da su zai lanƙwasa shasi. Ba a hawa gadajen kafin a sa sandunan da ke tallafe su ta ƙasa. Babban haɗari a ciki shi ne hayaƙin da ba ya wari: murhun gawayi ko janareta kusa da tamfol na iya kashe mutane suna barci, shi ya sa ake maƙala na'urar gano wannan iska. Babban abokin gabar tirelar kanta kuwa damshi ne. Idan ruwan sama ya tilasta aka naɗe ta a jiƙe, dole a buɗe ta a gida da zarar rana ta fito, in ba haka ba funfuna ta ci tamfol ɗin, kuma canza shi na iya cin kuɗin da ya kusa farashin tsohuwar tirela. Kafin hunturu ana tsiyaye duk ruwan bututu a zuba maganin hana daskarewa, a kwashe abinci, a toshe ramukan da ɓeraye za su bi.

Wuraren zango iri-iri ne. Akwai na gwamnatin tarayya, waɗanda galibi ake kama gurbi a cikinsu ta intanet tun wata shida kafin lokaci, akwai na jihohi, akwai na 'yan kasuwa irin su KOA da ya fara a Billings ta jihar Montana a 1962, inda ake samun wutar lantarki da famfo a yawancin gurabe. A yammacin ƙasar akwai filayen gwamnati masu faɗi da ake zama kyauta, yawanci har kwana 14, ba wuta ba ruwa. Jihohi da yawa sun hana ɗauko itacen wuta daga nesa, tun bayan da aka gano wani ƙwaro mai kashe bishiyar ash a kusa da Detroit a 2002, wanda ke yaɗuwa a cikin itacen da masu zango ke yawo da shi.

Zancen ja shi ne zuciyar lamarin, kuma a nan ne sababbin shiga suka fi yin kuskure. Kowace mota na da adadin nauyin da kamfani ya ce za ta iya ja. A da kowane kamfani da ma'auninsa, wasu su kumbura adadin don talla. Daga baya aka amince da ma'auni ɗaya mai suna J2807, wanda manyan kamfanoni suka rungumi aiki da shi wajen 2015. Cikin gwajin har da hawan wani dogon tudu kusa da madatsar ruwa ta Davis a jihar Arizona, cikin zafin da ya kai digiri 38, da na'urar sanyaya mota a kunne. Sai dai gwajin yana ɗauka cewa mutum biyu ne kawai a motar, kowanne kilo 68. Iyalin da ke tafiya hutu ba haka suke ba.

Adadin da ya fi saurin cika shi ne wanda mutane ba su cika dubawa ba, wato nauyin da motar kanta za ta iya ɗauka, wanda ke rubuce a wata takarda a jikin ƙofar direba. Wannan ya haɗa da mutane, da kaya, da kuma nauyin da bakin tirela ke dannawa a bayan mota. A ɗauki misali: jif da aka ce za ta ja kilo 1,600 amma abin da za ta ɗauka kilo 500 ne. Uba da uwa da yara biyu sun ci kilo 250. Tirela mai kilo 1,200 tana danna kamar kilo 150 a mahaɗin da ke haɗa ta da mota. Saura kilo 100 ga akwatin ƙanƙara da kekuna da kare da komai. Motar ta cika tun tirelar ba ta kai iyakar ja ba. Haka nan nauyin da dillali ke faɗa na tirela ce wayam, babu baturi, babu tukunyar gas wadda cikakkiya ta kai kilo 17, babu ruwa, alhali kowace lita kilo ɗaya ce. Hanyar sanin gaskiya ɗaya ce: a loda komai kamar ranar tafiya, a je sikelin manyan motoci da ke tashoshin mai na kan hanya a auna. Kuɗin kaɗan ne, kuma abin mamaki ne yadda mutane ƙalilan ke yin haka.

Mahaɗin kansa ƙarfe ne da ake ɗaure wa shasin mota, da ƙwallon ƙarfe a bakinsa wanda bakin tirela ke rufewa a kai. An kasa shi aji-aji: na farko ya tsaya a laba 2,000, wato kamar kilo 900, na biyu laba 3,500, kamar kilo 1,600, na uku da na huɗu na jif-jif ne da akori-kura. Ƙwallon ma girmansa uku ne da aka saba, inci 1 da 7/8, inci 2, da inci 2 da 5/16. Na farko da na biyu sun yi kusa da juna har ido ba ya bambancewa, kuma bakin tirela mai inci 2 zai zauna kan ƙaramin ƙwallo kamar ya kama, sai an faɗa rami ya fita. Saboda irin wannan rana ake sa sarƙoƙi biyu, a gitta su a ƙarƙashin bakin tirela yadda idan ya kuɓuce zai faɗa kansu maimakon ya caki kwalta. Tirela mai birkin lantarki tana da wata siririyar waya da ake maƙalawa a mota, idan tirelar ta tsinke ta rabu da motar wayar ta fizge wani fulogi, birkin ya kama da kansa.

Lilo shi ne abin da direbobi suka fi tsoro: tirela ta fara kaɗa gindi hagu da dama, kowace kaɗawa ta fi ta baya, har ta juya motar. Asalinsa rashin nauyi ne a gaba. Ƙa'idar ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya sauka a kan mahaɗi, kaya masu nauyi kuma su zauna gaban tayoyi, a ƙasa. Duk wanda ya taɓa tura amalanke ya san yadda hannunta ke tashi sama ta ƙi juyuwa idan an jibga kaya a can ƙarshe. Masu tirelar tanti kan jawo wa kansu wannan ta hanyar ɗaura kekuna ko janareta a bambar baya. Gudu yana ƙara shi, haka iskar gefe da wucewar babbar mota. Idan ya fara, taka birkin mota da ƙarfi ko kokawa da sitiyari ƙara rura shi suke. Abin yi shi ne a ɗaga ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari a miƙe, a matsa birkin tirela kaɗai da hannu ta na'urar da ke gaban direba, sai ta ja motar ta baya layin ya miƙe.

Dokar birki ta bambanta daga jiha zuwa jiha. Da yawa sun wajabta shi daga laba 3,000, California kuwa daga laba 1,500 ga tirelar kwana, kuma a can duk mai jan tirela ba zai wuce mil 55 a awa ba, kamar kilomita 88. Tayoyin tirela da yawa an yi su ne don gudun da bai wuce mil 65 ba, kuma tsufa ke kashe su kafin su goge, domin sun fi zama a rana fiye da tafiya. A tsaunukan Rocky injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000 ta hawa, giyabos na zafi, a gangara kuma sai an sauko da giya a bar inji ya riƙe, don birkin da aka daɗe ana takawa yakan yi zafi ya daina kamawa. Ribas shi ne ke kunyata sabon shiga a gaban jama'a. Dabarar da ake koyarwa ita ce a sa hannu a ƙasan sitiyari, duk inda hannun ya nufa can gindin tirela zai nufa. Gajeriyar tirela ta fi doguwa wahala, saboda nan da nan take karyewa ta manne wa mota.

Kwalekwalen kamun kifi yana bin waɗannan ƙa'idoji duka, ya ƙara da nasa. Wanda ya fi yawa a tafkunan arewa na alminiyam ne, ƙafa 14 zuwa 18, da inji a maƙale a baya, irin injin da Ole Evinrude ya fara yi a Milwaukee wajen 1909. A jihar Minnesota, mai tafkuna 11,842, kamfanin Lund yana ƙera irinsa tun 1948, kuma buɗe kakar kamun kifin walleye a watan Mayu kusan biki ne. Tunda inji da baturi da mai duk a baya suke, ana matsar da tayoyin tirelar kwalekwale can baya, nauyin da ke sauka a mahaɗi kuma ya ɗan gaza na tirelar kwana. Birkinta galibi na mai ne, mai kama kansa idan mota ta rage gudu tirelar ta turo gaba, saboda wannan tirela shiga ruwa take. Shigar ruwan ce matsalarta ta har abada. Boris ɗin taya yana ɗaukar zafi a hanya, idan aka tsoma shi cikin ruwan sanyi sai ya zuƙo ruwa, giris ya lalace, tsatsa ta kama. Yawancin tirelolin kwalekwale da ake gani a yashe a gefen hanya da taya a cire, abin da ya same su ke nan. Maganinsa a bar shi ya huce kafin a shiga ruwa, a riƙa cika giris, a buɗe a duba duk shekara. Wadda ta shiga ruwan gishiri kuma a ɗauraye ta da ruwan daɗi a ranar.

Gangaren sauke kwalekwale wuri ne na kowa, kuma yana da ladabinsa. Ana shirya komai a filin ajiye motoci: a loda kaya, a kwance igiyoyin baya, a ɗaga inji, a toshe ramin tsiyaye ruwa da ke gindin kwalekwalen. Mantawa da wannan toshi shi ne kuskuren da ya fi shahara, kuma ba sababbi kaɗai ke yinsa ba. Igiyar gaba da sarƙarta ba a kwance su sai gindin ya taɓa ruwa, don kwalekwale kan sulale ya faɗi kan siminti. Wanda ya tsaya a kan gangaren yana ɗaura ƙugiya alhali motoci goma na jira ya ɓata wa kowa safiya. Waɗannan gangare da yawa masunta ne suka gina su da aljihunsu ba tare da sun lura ba: dokar Dingell-Johnson ta 1950 ta sa haraji kan kayan kamun kifi, gyaran 1984 ya ƙara da harajin man kwalekwale, ana raba kuɗin ga jihohi don kiwon kifi da gina mashigar ruwa. Lasisin kamun kifi kuma na jiha ne, wanda ya tsallaka iyaka sai ya sayi wani.

Akwai kuma abin da tirela ke ɗauka ba da sanin mai ita ba. A 1988 aka gano wata ƙaramar ƙumba mai zane-zane, da ake kira zebra, a tafkin St. Clair tsakanin Amurka da Kanada. Asalinta yankin tekun Bahar Aswad da Kasfiya ne, ta zo cikin ruwan da manyan jirage ke ɗiba don daidaita nauyi. Mace ɗaya na iya zuba ƙwai har miliyan a shekara. Suna toshe bututun ruwan sha da na tashoshin lantarki, suna tace abincin da ƙananan kifaye ke rayuwa a kai. Daga manyan tafkuna zuwa ƙananan na cikin ƙasa kuwa, hanyarsu ita ce kwalekwalen da ake ja: manyan suna manne a jiki su yi kwanaki a raye a waje, 'ya'yan kuma ido ba ya ganinsu, suna cikin ɗan ruwan da ya rage a gindi. 'Yar'uwarta quagga ta ɓulla a tafkin Mead, can yamma, a 2007. Don haka ƙa'idar yanzu ita ce a wanke, a tsiyaye, a shanya. A Minnesota laifi ne a ja kwalekwale a kan hanya da toshinsa a ciki, a tafkin Tahoe kuma ba a shiga sai jami'ai sun duba, jihohin yamma da dama sun kafa shingayen bincike a kan hanya. Masu kwalekwale na ƙorafin jinkiri, amma tafkin da wannan ƙumba ta kama da wuya ƙwarai a raba shi da ita, don haka jinkirin ya cancanta.

Matsalar da ta fi damun iyalin da ke son zango da kamun kifi tare ita ce mota ɗaya mahaɗi ɗaya gare ta. Jan tirela biyu a jere, kwalekwale a bayan tirelar kwana, halal ne a jihohi da dama na tsakiya da yamma, haramun ne a yawancin jihohin gabar gabas da kuma Oregon da Washington. Inda aka yarda ma da sharuɗɗa. Minnesota ta ce dole ta farko ta kasance irin babbar tirelar da ke hawa kan mahaɗi a tsakiyar bayan akori-kura, tsawon duka kada ya wuce ƙafa 70, kuma ba a shiga yankin Minneapolis da St. Paul da ita a lokutan cunkoso. Michigan tana neman direba ya ci wata jarrabawa a ƙara masa alama a lasisi. Tirelar tanti kusan ba ta shiga wannan lissafi, domin shasinta siriri ne, ba a yi shi don ja ba, kuma ɗaura mata wani nauyi a baya daidai yake da gayyato lilo. Irin wannan jeri ba ya yin ribas, kuma dokar jihar da ake ciki ce ke aiki, ba ta jihar da aka fito ba.

Saura hanyoyi huɗu da mutane ke bi. Wasu su tafi da mota biyu, miji na jan ɗaya mata na jan ɗaya, a biya mai sau biyu, wani zangon kuma a biya kuɗin mota ta biyu. Wasu su ɗora ɗakin kwana a bayan akori-kura su bar mahaɗi ga kwalekwale, wanda ke buƙatar mota mai ɗaukar nauyi sosai. Wasu su yi hayar kwalekwale a bakin tafki, abin da ya fi arha ga wanda ke fita sau biyu ko uku a shekara. Masu tirelar tanti kuwa galibi sukan ɗaura siririn kwalekwalen tuƙi da hannu, ko na roba da ake hurawa, a saman mota ko a kan rufin tirelar, idan takardar kamfani ta yarda rufin ya ɗauki wannan nauyi. A nan ma sai an sauke shi kafin a ɗaga rufin, domin wayoyin ɗagawa an auna su ne da nauyin rufin kaɗai, kuma idan ɗaya ta tsinke a zango gyaranta sai an kwance ƙasan tirelar.